Kiwon Gida: Zawon Kare Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Yau maganarmu a kan karen gida ce. Shi ne mai gadinmu da dare, shi ke raka maigida gona, shi ne kuma abokin wasan yara. Amma sau da yawa ba mu kula da lafiyar cikinsa sai ya kwanta. Wani kare yakan yi zawo kwana 2 ko 3 ya tsaya, bayan mako guda zawon ya komo. Kashinsa kullum ruwa-ruwa, yana ci amma yana ramewa, gashinsa ya dushe. Maigida ya ce ai kare ne, zai warke da kansa, ko kuwa ya aiki yaro kemis a sayo ƙwaya. Abin ya lafa kwana kaɗan, sa'an nan a koma gidan jiya.

Zawon da ke tafiya yana dawowa yana da tushe, muddin kuwa ba a gano tushen ba, ƙwaya ba za ta raba kare da shi ba. Likitocin dabbobi sukan ce zawon da ya wuce mako 3, ko wanda ya yi ta komowa, ya zama daɗaɗɗen ciwo. Yawanci tushensa yana cikin abu uku, watau tsutsar ciki, da abincin da mu ke ba kare, da abin da ya ke tsinta a waje.

Tsutsar ciki

Ita ce ta fari da za a yi zato. Akwai doguwa fara mai kama da taliya, wadda 'yan kwikwiyo ke samu tun suna cikin uwarsu, ko ta wurin nono. Ita ke kumbura musu ciki. Akwai ƙarama mai maƙalewa a hanji tana shan jini, har dasashin kare ya yi fari, kashinsa ya yi baƙi. Akwai mai kama da bulala, wadda ke zama a babban hanji. Wannan ta shahara da zawo mai zuwa da komowa, da majina a ciki, ƙwanta kuma yakan yi shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Sai tsila, wadda akan ga guntayenta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Kare yakan same ta in ya haɗiye ƙuma, ko ya ci ɗanyen kayan ciki. Ban da tsutsotsi akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, ana kiranta jiyadiya, wadda ke shiga ta ruwa mai ƙazanta.

Kada mu ce tun da ba mu ga tsutsa a kashi ba, babu ita. Yawancinsu ƙwai kaɗai su ke zubarwa, shi kuwa sai da madubin likita a ke ganinsa. Ka'idar da a ke bi ita ce a ba ɗan kwikwiyo maganin tsutsa tun yana mako 2, a riƙa maimaitawa kowane mako 2 har ya kai mako 12, sa'an nan sau ɗaya a wata har ya cika wata 6. Babban kare kuwa kowane wata 3. Ana auna maganin bisa ga nauyin kare, saboda haka sai a nemi malamin dabbobi ya faɗi yawan da za a ba shi. In akwai karnuka biyu ko uku a gida, a ba su duka rana ɗaya.

Abinci

Uwargida, nan sai ki ba ni kunnenki. Cikin kare ba ya son canji na farat ɗaya. Yau tuwo da miyar kuka, gobe ragowar shinkafa mai barkono da manja, jibi kitse da ƙasusuwan biki, ai dole ciki ya rikice. Kitse mai yawa yana jawo zawo. Manyan karnuka da yawa ba su iya narkar da madara sosai. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ko da dafaffu ne. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya ji wa hanji ciwo. Abincin da ya yi tsami ko ya yi fumfuna, wanda ba za ki ba ɗanki ba, kada ki zuba wa kare. Abin da ya fi kyau shi ne a ɗibar masa tuwonsa ko shinkafarsa kafin a sa miya, a haɗa da ɗan dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, a ba shi a lokaci ɗaya kowace rana.

Yawo

Karen da ke kwana a juji, yana cin mushe, yana shan ruwan kwata, kome maganin da aka ba shi zai sake kwaso cuta, balle da damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yi masa shinge, ko a riƙa fita da shi da igiya. A ajiye masa ruwa mai tsabta irin wanda mu ke sha, a wanke kwanonsa da sabulu kowace rana. Karen da ya kai kilo 15 yana bukatar kusan lita 1 ta ruwa a yini, mai zawo kuwa fiye da haka.

Abin da za a yi a gida

In babban kare ne, yana da kuzari, yana shan ruwa, ba ya amai, ba jini a kashinsa, ana iya jiyyarsa a gida kwana 2. Kada a hana shi ruwa ko kaɗan. A dafa farar shinkafa ta yi laushi, a haɗa kashi 2 nata da kashi 1 na tsokar kaza da aka cire wa fata, ba gishiri, ba mai, ba yaji. A ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 a yini. Cokali 1 ko 2 na dafaffiyar kabewa yana taimakon kashi ya haɗu. In ciki ya tsaya, kada a komar da shi ga abincinsa na kullum a rana ɗaya. A riƙa cuɗawa ana ƙarawa a hankali har kwana 5 zuwa 7. Ɗan kwikwiyo kuwa ba a barinsa da yunwa, gama ƙarfinsa yakan ƙare da sauri.

Ga yadda za a san ko ruwan jikinsa ya ragu. Ka kama fatar da ke tsakanin kafaɗunsa ka ɗaga, ka saki. In ta koma nan da nan, da sauƙi. In ta tsaya tana komawa a hankali, ko ka taɓa dasashinsa ka ji ya bushe yana danƙo, ruwa ya yi kasa ke nan, sai a tafi asibiti.

Ina kuma ba da shawara a samu ɗan littafi, a ba ɗaya daga cikin 'yan makaranta na gidan aikin rubutawa. Kowace rana ya rubuta abin da kare ya ci, ko ya fita waje, sau nawa ya yi kashi, da kamannin kashin. Bayan mako 2 ko 3 sau da yawa tushen yakan fito fili, a ga cewa kashegarin kowace ranar kasuwa, ko duk ranar da aka ba shi madara, cikin ke ɓaci. Rubutun zai taimaki likita ma. Kashi mai yawa a lokaci ɗaya tare da rama yakan nuna ciwon yana ƙaramin hanji. Kashi kaɗan-kaɗan sau da yawa, da yunƙuri da majina, yakan nuna babban hanji ne.

Lokacin da ba a jira

A kai kare wurin likitan dabbobi a ranar in an ga jini a kashi, ko kashin ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana ta amai, ko ya ƙi abinci da ruwa ya kwanta shiru, ko zawon ya wuce kwana 2 duk da jiyya. A ƙara sa ido a kan ɗan kwikwiyon da ba a yi wa allurar rigakafi ba. Akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira farbo, wadda ta bazu cikin karnukan duniya a shekarar 1978, har yau kuwa tana nan. Alamarta amai ne da zawon jini mai mugun wari, tana iya kashe ɗan kwikwiyo cikin kwana 2 ko 3. Ƙwayarta takan yi watanni cikin ƙasa, sabulu ba ya kashe ta, sai ruwan bilic irin su Jik, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa. Ana fara allurarta sa'ad da kwikwiyo ya kai mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Kada a ba kare maganin mutane da ka. Panadol da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna iya lalata masa hanta da ƙoda, su huda masa ciki. Flagyl da jan kafso da a ke sayowa a kemis sukan lafar da zawo na ɗan lokaci, amma suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji, in kuma Flagyl ya yi yawa yakan sa kare tangaɗi da farfaɗiya.

In za ka asibitin dabbobi, ka tafi da sabon kashi cikin leda mai tsabta. Wani lokaci sai an auna na kwana 3, domin ba kullum ƙwan ke fita ba. Ka faɗa wa likita duk abin da ka riga ka ba karen, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai ofishin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tun 1924. Tun da ka je, ka tambayi allurar haukan kare, wadda a ke yi kowace shekara.

Saboda 'ya'yanmu

Iyaye, wannan magana ta shafi yaranmu ma. Ƙwan doguwar tsutsar nan in ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa ya nuna ke nan. Yaro mai rarrafe ya sa ƙasar a baki, tsutsar ta iya bin jikinsa har hanta, wani lokaci har ido. 'Ya'yan tsutsa mai shan jini kuwa sukan shiga fatar ƙafar mai yawo ba takalmi, su bar jan layi mai ƙaiƙayi. Saboda haka a kwashe kashin kare kowace safiya tun ƙwan bai nuna ba, a zuba a masai ko a binne da zurfi nesa da rijiya. A koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan sun yi wasa da kare, da kuma kafin cin abinci. Kwanon kare ya zama nasa shi kaɗai.

Dabbar da muka ɗauko muka ajiye a gida, ciyarwarta da jiyyarta suna wuyanmu, ita kuwa ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo. Maigida, ka tuna ranar da aka ba karenka maganin tsutsa na ƙarshe. In ta wuce wata 3, ka nemi malamin dabbobi cikin makon nan.