Injin Huda Dutse Ba Zai Zo Funtua Ba, Amma Zancensa Ya Shafi Funtua

Bidiyon nan ya sha yawo a TikTok da Facebook: wani ƙaton inji mai siffar jirgin ƙasa, da faifan ƙarfe mai haƙora a goshinsa, yana niƙe dutse yana jera bangon siminti a bayansa. Matashin da ya kalla a shagon caji a Funtua ko Malumfashi yakan ce, "Mu yaushe za a kawo mana?"

Tambayar tana da kyau, amma akwai gyara. A harkar lantarki, aikin injin shi ne haƙa ramin da ruwa zai bi ya gangaro da ƙarfi daga tudu ya juya injin lantarki. A Habasha, tashar Gilgel Gibe II da aka buɗe a 2010 tana ba da megawat 420 ta ramin kilomita 26 da irin wannan inji ya huda. Sirrin yana cikin tsayin gangaren. Ƙasar masara da auduga ta kudancin Katsina kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Madatsun Mairuwa da Gwaigwaye na ruwan sha ne da noman rani, ba su da gangaren da ake bukata.

Ɗaya daga cikin wuraren da Najeriya ke da wannan gangare shi ne Mambila a jihar Taraba. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar dala biliyan 5.79 don samar da megawat 3,050, har yau ba a ga wuta ba. Kuma ko da inji ya iso, aiki bai ƙare ba: wani sashe na ramin Habasha ya rufta jim kaɗan bayan buɗe shi, injin Florence na aikin Snowy 2.0 a Ostireliya ya maƙale a ƙasa tsawon watanni.

A Oktoban 2024 kuma, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. Wato ko an samar da wutar, sai da layin da zai kawo ta.

Saboda haka matashin da ke da data ya yi amfani da ita inda za ta yi tasiri. Ya tambayi ɗan majalisarsa ina aka kwana kan Mambila, wa ke gadin layukan wuta, kuma yaushe manomin rani zai samu famfon sola ya huta da sayen fetur. Tura bidiyo kaɗai ba ya cajin waya.