Gaya: Sojan da ya kwana gadi, a bar shi ya yi barci

Tun daga ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aikin tsaro a Gaya ya ƙaru ba kaɗan ba. Garin na bakin Kogin Kwara, yana kallon Malanville ta Jamhuriyar Benin, ga kuma Kamba ta Jihar Kebbi a kusa da shi. Da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe gadar da ke haɗa Gaya da Malanville, kuma ko bayan da ƙungiyar ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hukumomin Yamai sun bar nasu ɓangaren a toshe. Rufe gada bai hana mutane tsallakawa ba. Sun koma kwale-kwale, su da kayansu. Maimakon ƙofa ɗaya da za a sa wa ido, sai gaɓar kogi gaba ɗaya ta zama wurin gadi.

Ga bututun mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem ya ratsa yankin ya nufi Sèmè a gaɓar tekun Benin. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida da ke gadinsa a yankin Tibiri na jihar Dosso, sannan a Disambar wannan shekara aka kai masa hari a kusa da Gaya, harin da Nijar ta ɗora wa Lakurawa, har ya jawo cacar baki da Abuja. A yamma ga dajin W, inda mayaƙan JNIM suka hallaka sojojin Benin 54 a ranar 17 ga Afrilun 2025. Duk wannan nauyi yana kan dakarun rundunar Damissa, da jandarmomi, da 'yan Garde Nationale, da 'yan sanda da jami'an duwan.

Ana maganar makamai, ana maganar jirage marasa matuƙa, ana maganar albashi da alawus. Abin da ba a cika ɗagowa ba shi ne: awa nawa saurayin da ke riƙe da bindiga a shingen bincike ya runtsa cikin kwana uku da suka wuce? Tambayar kamar ƙarama ce, amma a kanta rayuwar direban da zai tsaya a gabansa ƙarfe huɗu na dare ta rataya, da rayuwarsa shi kansa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki ƙaramin sansani mai wurare huɗu da dole a samu mutum a tsaye dare da rana. Awa 96 ke nan na tsayuwa a kowace rana. In mutum 12 ne, kowa ya ɗauki awa takwas, a tsarin da aka saba na awa biyu a tsaye, awa huɗu hutu. To a cikin awa huɗun nan ne za a ci abinci, a goge bindiga, a yi salla, a ɗebo ruwa, a yi wanki, a kira gida. Da kyar awa uku ta zama barci. Yanzu a cire mutum uku: ɗaya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ɗaya an tura shi rakiyar ayari, ɗaya ya tafi ganin iyali. Saura tara. Hutun da ke tsakanin tsayuwa da tsayuwa ya koma awa biyu da rabi. A wannan hali babu wanda zai samu barci mai nauyi ko sau ɗaya, sai dai gutsuri-gutsuri, kuma ba a sa sintiri a lissafin ba.

Sai gari ya waye a busa usur. Al'adar bariki a ko'ina, daga Dosso har Sakkwato, ita ce gudun safe da motsa jiki kafin rana ta ɗaga, sannan a ɗaga tuta. Wanda ya sauka daga gadi ƙarfe huɗu, ya yi sallar asuba wajen biyar da rabi, in aka ce dole ya shiga sahu ya yi gudun kilomita biyar ko takwas, to an ƙwace masa awannin da suka fi kowanne amfani ga jikinsa, domin da hantsi zafi zai hana shi abin da ya rasa da sanyin safiya. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, shi ya sa take da laima da sauro. A watannin Maris da Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40. Duk wanda ya taɓa gwada barcin rana a ƙarƙashin kwano ko cikin tanti a irin wannan lokaci ya san juye-juye kawai ake yi.

Masu ra'ayin a bar tsarin yadda yake suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Soja ba ma'aikacin ofis ba ne. Zai ɗauki bindiga da harsasai da ruwa da sulke ya yi tafiya cikin fadama da daji, kuma ranar da aka yi masa kwanton ɓauna, ƙarfin ƙafarsa da numfashinsa ne za su fitar da shi. Gudun safe kuma ba don jiki kaɗai ake yin sa ba, yana haɗa kan runduna, yana koyar da bin umarni, yana ba kwamanda damar ganin mutanensa ido da ido. Wasu tsofaffin sojoji ma na ganin hana ido barci wani ɓangare ne na horo, wai a haka namiji ke gogewa.

A nan ne kuskuren yake. Ana iya horar da ƙafa ta saba da nisa, ana iya horar da kafaɗa ta saba da nauyi, amma ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da rashin barci. Abin da mutum ke sabawa da shi kawai shi ne daina lura da cewa ya lalace. Wani bincike da Hans Van Dongen da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa shida na tsawon mako biyu, hankalinsu ya dushe har ya kusa kai na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu cur bai runtsa ba, alhali su da bakinsu suna cewa ɗan barcin da suke ji bai taka kara ya karya ba. Kafin nan, a 1997, Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya sun auna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa kan faɗi kamar na wanda ya ɗan sha barasa, in ya kai awa 24 kuwa, ya zarce ma'aunin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kai. Babu kwamandan da zai yarda ya miƙa wa mashayi bindiga ya ce ya tsare gada. Amma ana miƙa ta ga wanda bai yi barci ba, a kuma yaba masa da juriya.

Kuma ko ta fuskar ƙarfin jikin da ake nema, gudu a kan bashin barci asara ce. A cikin barci ne tsoka ke gyaruwa. Binciken da aka yi kan dakarun musamman na sojan ƙasa na Amurka, wanda ya fito a 2020, ya gano masu barcin awa huɗu ko ƙasa da haka sun ninka masu barcin awa takwas fiye da sau biyu wajen samun rauni a tsoka da gaɓoɓi. Kowane targaɗe ɗaya na nufin mutum ɗaya ya fita daga jerin masu gadi, saura su raba awanninsa, barcinsu ya ƙara raguwa.

Amurkawa da suka fi kowa kuɗi da kayan aiki ma sai da suka sha wuya kafin su gane. A watan Yunin 2017 jirgin ruwan yaƙinsu USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan, sojoji bakwai suka mutu. Bayan wata biyu USS John S. McCain ya yi irin wannan karo kusa da Singafo, goma suka mutu. Babu abokin gaba da ya harba ko harsashi ɗaya. Rahotannin bincike sun ambaci gajiya da rashin barci cikin musabbabai, abin da ya sa rundunar ruwan ta umarci jiragenta su koma tsarin gadi da ke ba mutum damar kwanciya a lokaci guda kowace rana. A Oktoban 2020 kuma sojan ƙasa na Amurka ya fitar da sabon kundin horo, FM 7-22, wanda ya sa barci a sahu ɗaya da motsa jiki da abinci, ya kuma amince soja ya yi ɗan gajeren barci da rana in dare bai ishe shi ba.

Abin dariya, wannan gajeren barci da suka gano bayan bincike mai tsada, kowane almajiri a Dendi ya san shi da sunan ƙailula. Ba sabon abu za a shigo da shi ba. Abin da ake buƙata shi ne a ba shi kariya: minti 20 zuwa 30 bayan azahar, a inuwa, ba tare da wani kofur ya zo ya tashi mutum ya tura shi sharar fili ba.

Inda hukuma ba ta tsara barci ba, kasuwa za ta tsara. Shayi mai kauri, goro, Nescafé da lemukan ƙara kuzari duk suna taimakawa na ɗan lokaci, amma sinadarin da ke cikinsu kan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ya sha ƙarfe uku na dare don ya tsaya, shi zai hana shi barci in ya sauka. Mafi muni shi ne tramadol, wanda ya daɗe yana bin wannan hanya daga tashoshin ruwan gaɓar teku zuwa Sahel, kuma 'yan kabu-kabu da leburori da direbobi sun san dalilin da ake shan sa. Matashin da aka bari da gajiya ba mafita, kuma ƙwayar na samuwa da ɗan kuɗi kaɗan, an ajiye shi a bakin rijiya.

Fararen hula su ne na farko da ke ɗanɗana sakamakon. Ɗan kasuwar da ya taso daga Kwatano, ɗalibar da ke komawa Lome, magidancin da ya dawo daga Akara ganin gida, duk ta Gaya suke bi. Jami'in da ya huta zai iya bambance babur ɗin mai kifi da na mahari, zai iya jure gardamar fasinja. Wanda idonsa ya yi ja da kwanan zaune yakan yi saurin fushi, ya yi jinkirin fahimta, wani lokaci barci ɓarawo ya sace shi na daƙiƙa uku ko huɗu yana tsaye bai sani ba. Tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar na asuba jikin ɗan Adam ke kaiwa ƙarshen rauninsa, kuma masu kai hari sun san haka.

Tushen matsalar ƙarancin mutane ne, kuma hukumomi sun daɗe da sanin wannan. Tun a 2020 Nijar ta bayyana shirin ninka sojojinta daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Amma ɗaukar kurata da horar da su na cin lokaci da kuɗi, alhali gyaran jadawalin kwana ba ya cin ko dala. Ya kamata rundunar sojan Nijar ta fitar da rubutaccen umarni cewa duk wanda ya kwana gadi ko sintiri ba ya cikin gudun safe, nasa motsa jikin ya koma bayan la'asar in rana ta yi sanyi, kuma a sansanonin gaba a rage tsawonsa a ƙara ingancinsa. Minti talatin na atisaye mai ma'ana sau uku ko huɗu a mako ya isa ya riƙe ƙarfin wanda ya riga ya horu. Dogon gudu da gwajin ƙarfi a bar su sai an janye rukuni zuwa Dosso hutu. A watan azumi kuwa, da sahur da tarawihi ke ƙara gutsure dare, tilas jadawalin ya sake.

Rubutawar na da muhimmanci, domin muddin abin ya tsaya ga tausayin kwamanda, to ranar da aka canja kwamanda ya tafi da shi. Ƙaramin soja ba zai iya buɗe baki ya ce wa sajan barci yake ji ba, za a kira shi rago. Sajan ɗin ma sau da yawa ya fi shi rashin barcin, haka laftanan ɗin da rediyo ke tayarwa sau biyar a dare, alhali shi ne zai yanke shawarar a buɗe wuta ko a dakata. Shugaban da ke alfahari da cewa bai runtsa ba tun shekaranjiya, mutanensa yake sa wa cikin haɗari.

Sauran abubuwan ƙanana ne: gidan sauro ga kowa, rumfar zana ko bunu maimakon kwano, wurin kwana nesa da janareta da hayaniyar shinge. Sai kuma wayar hannu, wadda ba laifin kwamanda ba ce. Saurayin da aka ba awa huɗu ya ƙarar da biyu a TikTok da WhatsApp shi ya cuci kansa, kuma 'yan uwa da ke ƙasashen waje masu kira tsakar dare saboda bambancin lokaci su ma su san abin da suke ɗauke masa.

Maganar ba ta tsaya a kan iyaka ba. Sojan Najeriya da ke farautar Lakurawa a Kebbi da Sakkwato, da na Benin da ke Malanville da Karimama, jiki iri ɗaya gare su, sauro ɗaya ke cizon su. Daga yanzu, duk kwamitin da aka kafa don binciken harin da aka kai wa sansani, ko hatsarin motar sojoji a hanyar Dosso zuwa Gaya, ko harbin kuskure a shinge, ya kamata ya karɓi littafin gadi na kwana ukun da suka gabata, ya ƙirga awannin da kowane mutum ya samu ya kwanta, ya sa adadin a cikin rahotonsa.