Shin gem ɗin da ke wayarki yana da tuta?

 Yau ba maganar zazzaɓi ko rigakafi na zo miki da ita ba. Maganar gem ce. Kada ki yi saurin wucewa, don na san rigimar da ake yi a gidana ita ake yi a naki: yaro ya karɓi waya da sunan minti goma, sai an kira magariba ana kokawar ƙwace ta.

Makon jiya abin ya faru da ni. Na dawo daga aiki a gajiye, ɗana mai shekara bakwai ya roƙi waya na ba shi. Da lokaci ya yi na miƙa hannu, sai ya fashe da kuka yana cewa, "Umma, wallahi ban gama ba." Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tambaye shi, "To yaushe za ka gama?" Ya yi shiru. Na zauna kusa da shi na kalli abin da yake bugawa. Wani ɗan mutum ne ke ta gudu a kan hanya, hanyar ba ta ƙarewa. Da ya faɗi sai talla ta fito, a ce in ya kalla zai ci gaba daga inda ya tsaya. A nan na gane yaron gaskiya ya faɗa. Bai gama ba, kuma ba zai taɓa gamawa ba, domin waɗanda suka ƙera gem ɗin ba su yi masa ƙarshe ba.

Wannan ya tuna mini da Mario. In kin tashi a Daura ko Mai'adua ko Zango a shekarun 1990 zuwa farkon 2000, da wuya a ce ba ki gan shi ba, ko a gidanku ko a gidan maƙwabta. Namu Kawu ne ya sayo daga Kano: ƙaramin akwatin roba da ake jonawa da talabijin, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa akwai dubban gem a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. In ya ƙi tashi a zare a hura masa iska. In an ɗauke wuta kowa ya watse. Kakarmu ta taɓa tsayawa tana kallo, muka ba ta labarin cewa mutumin zai je ya kashe dodo ne ya ceto gimbiya. Ta ce, "Wannan ai Bayajidda ne ya sa jar hula. Ina rijiyar?"

Akwatunan da suka iso mana akasari kwaikwayo ne. Ainihin gem ɗin, Super Mario Bros., kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da shi a 1985, ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto da abokin aikinsa Takashi Tezuka. Gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, wato hoto ɗaya da kika ɗauka da wayarki ya ninka shi sau da yawa. Har yau masoyansa suna tattauna ƙananan dabarun da ke cikinsa, kuma da na duba su da idon uwa, sai na ga abin da muka rasa a yawancin gem ɗin da ke hannun 'ya'yanmu.

Fara da matakin farko. Babu rubutun da ke gaya wa yaro abin da zai yi. An ajiye Mario a gefen hagu yana fuskantar dama, gabansa fili fetal, don haka ko ɗan da bai iya karatu ba ya san inda zai nufa. Sai wata 'yar halitta ta taho a hankali, ita kaɗai. In ta taɓa shi ya mutu, amma asarar ba ta wuce ta 'yan daƙiƙu ba, don bai yi nisa ba. Karo na biyu zai yi tsalle. Ya koyi darasi ba tare da kowa ya daka masa tsawa ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta laimar kwaɗi, wadda ke sa Mario ya girma. Tana kama da waccan halittar da ta kashe shi, don haka sabon ɗan wasa zai so ya guje mata. Masu ƙera gem ɗin sun san da haka. Sai suka sa ta fito daga cikin bulo, ta gangara dama, ta bugi koren bututu, ta juyo ta nufo shi, ga kuma jerin bulo a saman kansa da ke hana shi tsallake ta cikin sauƙi. Ta taɓa shi, maimakon ya mutu sai ya ga ya ƙara girma. Miyamoto da kansa ya bayyana a wata hira a 2015 cewa da gangan aka tsara wurin haka. Gani ya kori ji.

Haka abin yake tafiya. Bututun farko gajere ne, na biyu ya ɗara shi, na uku ya fi su tsawo, har yaro ya gano da kansa cewa in ya daɗe yana danne da maɓalli tsallen ya fi nisa. Can gaba akwai matakala biyu suna fuskantar juna da tazara a tsakani. In ka faɗa tsakaninsu ba abin da zai same ka, ƙasa ce. Kaɗan gaba sai ga irinsu sak, amma wannan karon rami ne a tsakiya. An ba shi wurin gwaji kafin a kai shi wurin haɗari. Kuma in babban Mario ya yi kuskure wani abu ya taɓa shi, ba ya mutuwa nan take, ƙanƙancewa yake yi, a ba shi dama ta biyu.

In kin lura, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Carafke da ɗauke tsakuwa ɗaya-ɗaya ake farawa kafin a kai ga bibbiyu. 'Yar gala-gala ma gida-gida ake ci, kuma tsalle ne a kan zane kamar na Mario. Ni ma a wurin aiki na daɗe da ganin haka. In na tsaya ina yi wa uwa dogon bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, kafin ta kai gida rabi ya zube. In na miƙa mata ta haɗa a gabana, ta yi kuskure na gyara, ta riƙe ke nan.

Akwai kuma dabarun da rashi ya haifar. Gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya don a yi tattalin wuri. Mun yi shekaru muna kallo ba mu lura ba. Kamannin Mario ma haka suka samo asali tun a gem ɗin Donkey Kong na 1981: ɗigon da ake zana shi da su ba su da yawa, sai aka sa masa hula don a huta da zanen gashi, aka yi masa gashin baki don fuskar ta fito, aka sa masa rigar makanikai mai launi daban don a ga motsin hannunsa. Duk macen da ta taɓa fitar da riga da ɗankwali daga ragowar atamfa ta san wannan hikimar.

Amma abin da ya sa na kawo miki wannan magana shi ne tuta. Yawancin matakan Mario suna ƙarewa da doguwar sanda mai tuta. Ya kama ta, ya sulalo, ya shige ɗan gidan da ke gefe, an gama. Akwai agogo a saman allo yana ƙirga lokaci, kuma in ya rage 100 sai kiɗan da Koji Kondo ya tsara ya ƙara sauri, yaro ya ji a kunnensa cewa lokaci ya kusa. Rai uku ake ba ka. Ƙarin rai sai ka tara sulalla 100 da guminka ko ka gano inda aka ɓoye shi, ba a sayar da shi. In sun ƙare, sun ƙare, sai ka miƙa wa na kusa da kai. Matakan duka 32 ne, daga nan labari ya ƙare. A gidanmu dokar Yaya ita ce, "In ka mutu ka ba wani," kuma gem ɗin da kansa ne ke yanke hukunci, ba a gardama.

Ba ina cewa zamaninmu tsarkakakke ba ne. Mu ma mun sha bulala a kan makara zuwa Islamiyya saboda Mario. Bambancin yana wurin ciniki. Wancan gem ɗin sau ɗaya ake sayensa, mai shi ya karɓi kuɗinsa, ba ya ƙaruwa da komai in yaro ya kwana a kai. Yawancin na waya kuwa kyauta ake saukewa, kuɗinsu daga talla yake fitowa da 'yan saye-sayen cikin gem. Kowane ƙarin minti da ɗanki ya yi riba ce gare su. Shi ya sa ake cire tutar, a sa kyautar da sai ka dawo gobe za ka samu, a sa tallar da ke dawo maka da rai. Ƙwararrun manya ne suka zauna suka tsara yadda zai yi wuya a ajiye, sannan mu kuma mu zo muna zargin ɗan shekara bakwai da taurin kai.

Ta ɓangaren lafiya, ga abin da ya kamata ki riƙe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Hukumar ta kuma sanya kamuwa da gem a jerin cututtukan da ta amince da su, amma ba kowane yaro mai son gem ake nufi ba. Ana maganar wanda abin ya fi ƙarfinsa na dogon lokaci, har ya danne karatu da barci da zama da mutane. Abin da na fi gani a layin asibiti shi ne jariri ya fara kuka a miƙa masa waya. Na san gajiya ce, ni ma uwa ce. Amma yaron da kullum allo ke rarrashinsa yana rasa damar koyon yin shiru a jikin uwarsa.

To me za ki yi? Ba sai kin nemo Mario ba. Sababbinsa a na'urar Nintendo Switch suke, kuma tana da tsada. Na waya na gaskiya, Super Mario Run, yana buƙatar intanet kuma bayan matakan farko sai an biya. Da yawa daga cikin masu kama da shi da ake saukewa kyauta jabu ne cike da talla. Abin da nake so ki ɗauka shi ne ma'aunin. Yau da daddare ki zauna minti goma kusa da ɗanki yana bugawa, ki duba abu huɗu. Shin gem ɗin yana da wurin da ake cewa an gama wannan mataki? Shin in yaro ya faɗi, sake gwadawa ake ba shi ko talla ake nuna masa? Sau nawa aka nemi ya sayi wani abu? Sannan wace irin talla ce ke fitowa, domin wasu ba su dace da idon yaro ba sam, har da na caca.

In gem ɗin ya faɗi wannan jarrabawa, ki goge shi, ku zaɓi wani tare. Ki rufe data kafin ki miƙa waya, tallace-tallace da yawa ba sa fitowa in babu intanet. Kada ki bar katin bankinki a jone da wurin sauke manhaja. Ban da waya a kan kwanon abinci, ban da ita in an kusa barci. Sannan ki sauya yadda kike yanka lokaci. Ƙaramin yaro bai san tsawon minti goma ba, amma ya san mataki uku. Ki ce, "In ka ci uku ka kawo mini." Kafin na ƙarshe ki tuna masa, kamar yadda kiɗan Mario ke yi.

Ni na gwada. Mun goge mai gudun nan, an sha kuka a ranar, ba zan ɓoye miki ba. Muka sauke wani mai matakai da ba ya buƙatar data. Kwana na uku ina wanke-wanke sai ga shi da waya a hannu, ya ce, "Umma, na ci ukun." Jiya kuwa ya roƙi na huɗu, na hana, ya yi fushi ya fita tsakar gida. Da na leƙa sai na tarar ƙanwarsa ta zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi, yana tsaye da ƙafa ɗaya yana gardamar cewa bai taka layi ba.

Ke fa, wane gem ne ya addabi gidanki, kuma wace dabara ta yi miki aiki? Ki rubuto a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.