Sharhi: Hanyar da taurarin intanet ke bi a sama da abin da take nufi ga Afirka

Tun daga Janairun 2023 da Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, muhawara ta fi karkata kan tsadar na'urar da kuɗin wata. Ba a cika duba hanyar da aka tsara wa taurarin ba, alhali ita ce ke nuna wanda zai fi cin moriyarsu.

Taurarin sadarwa irin NigComSat-1R, wanda China ta harba wa Najeriya a 2011, suna nisan kilomita 35,786 a saman layin ikwaita. A can tauraro yana tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum ake samun sa a wuri ɗaya. Matsalar ita ce nisa: saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, sai kiran bidiyo ya riƙa sarƙewa.

Na Starlink kuwa ba su kai nisan kilomita 600 ba. Jinkirin ya ragu sosai, amma kowane tauraro yana kewaye duniya cikin kimanin minti 95, kuma cikin 'yan mintuna ya wuce ta kanka. Dole sai an harba dubbai suna karɓar juna.

Da yawa daga cikinsu an karkata hanyarsu da digiri 53 daga ikwaita. Wannan lissafi yana sa su yi cincirindo a saman wurare irin Landan da ke digiri 51, su yi ƙaranci a saman Kano da ke digiri 12. Ga kuma yawan masu buƙata a biranenmu: a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas, Abuja da Nairobi saboda layin ya cika.

Ana iya tsara abin daban. Taurarin O3b da aka fara harbawa a 2013 suna bin saman ikwaita ne a nisan kusan kilomita 8,000, musamman domin ƙasashen wannan yanki.

Yanzu Amazon da China na harba nasu taurarin. Kafin hukumomin sadarwa na Afirka su sa hannu kan sabon lasisi, ya kamata su tambayi tauraro nawa ne zai riƙa ratsa samaniyarsu, da kuma tashoshin ƙasa nawa kamfani zai gina a cikin gida.