Ƙofar Fijon Umma da Jakar Kawu

Na san wasunku sun gaji da surutuna a kan jami'a da jarrabawa, to yau kun huta, gareji za mu je. Roƙona ɗaya: duk wanda ya san Ummata, don Allah kada ya tayar mata da maganar nan. Ta yafe min, amma ba ta manta ba.

Abin ya faru ne a wani siririn layi kusa da Alexandra Park, a nan unguwarmu Whalley Range. Wanda ya san unguwar ya san yadda take: tsofaffin gidajen jan bulo tun zamanin Sarauniya Victoria, manyan bishiyoyi, motoci a fake hagu da dama, in mota biyu suka haɗu dole ɗaya ta ja da baya. Ran nan ni ne na ja da baya, a cikin tsohuwar Fijo 207 ɗin Umma, bayan na sauke ƙanwata a islamiyya. Sai na ji ƙuuu! Wani turken ƙarfe ne da ban gani ba. Ƙofar gaba ta hagu ta lotsa, gilashin ya sauka rabi ya maƙale, kuma daga waje ƙofar ta ƙi buɗuwa ko kaɗan.

Ku da ke nan kun san matsalar, amma bari in yi wa na gida bayani. A ƙasar nan duk motar da ta shekara uku sai an kai ta gwajin MOT kowace shekara, kuma ƙofar gaban da ba ta buɗuwa faɗuwa ce kai tsaye. Gwajin motar Umma saura mako uku. Ita kuma aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, da motar nan take zuwa, da ita take dawowa da asuba. Batun inshora kuwa, da na zauna na yi lissafi sai cikina ya ɗuri ruwa. Akwai kason da mu za mu biya daga aljihunmu, ga kuɗin baɗi zai tashi saboda ni ne direban kuma ɗan shekara ashirin da biyu. Mafi muni, tsohuwar mota irin wannan in kuɗin gyaranta ya kusa darajarta, sai kamfani ya ce bai cancanci gyara ba, ya ba ka 'yan kuɗi ya liƙa mata tambari. Tun Oktoban 2017 tambarin S ake ba wadda ƙashin jikinta ya taɓu, N kuma wadda bai taɓu ba, kuma tambarin yana bin motar har ta mutu. Wani gareji da na je, mutumin ya zagaya motar sau ɗaya ya faɗi kuɗin da ya sa na ce masa na gode, sai an jima.

To ni fa injiniya nake karanta, ina shekara ta uku. Na san lissafin yadda ƙarfe ke lanƙwasa, a kan takarda dai. Sai na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Na kalli bidiyo biyu a YouTube, na ɗauko sukudireba ɗaya da muke da ita a gida da wuƙar shafa bota daga kicin, na durƙusa a bakin titi. Niyyata in cire murfin ƙofar na ciki, wato wannan allon roba da yadi da kake jingina hannu a kai, in tura lotsawar daga ciki. Cikin minti ashirin na karya maƙalai biyar, na cinye kan wata kusa, na yaga farar ledar da ke bayan murfin, na kuma kankare fenti a wurin da turken bai ma taɓa ba. Garin neman gira an rasa ido. Umma ta leƙo ta taga, ba ta ce min uffan ba, ta ɗauki waya ta kira ƙanenta.

Kawu ya iso ran Asabar da hantsi daga Birmingham, ya biyo M6 da wata tsohuwar jakar fata a but. Abin da na sani game da shi tun ina yaro shi ne yana aiki a wani katafaren sito, yana tuƙa motar ɗaga kaya. Na kan ji ana cewa a Kano fanel-bita ne, a Ƙofar Ruwa ya koyi aiki tun bai kai shekara goma sha biyar ba, amma gaskiya ban taɓa tambayarsa komai a kai ba. Ku ma ku faɗi gaskiya, a taron suna ko na Sallah, in iyaye suka fara lissafin 'ya'ya, likita ne da lauya da injiniya. Ba a taɓa cewa ga ɗan wane ya zama gwanin gyaran jikin mota. Mu ma mun ɗauki wannan hali ba tare da an koya mana ba.

Ya dubi aikina, ya dubi wuƙar bota, ya ce, “Malam Bature, da wannan kuke aiki a jami'ar?”

Na ce, “Kawu, a yi haƙuri.”

Ya ce, “Ni me ka yi min? Motar Yaya ka ba haƙuri. Je ka cire kan batir tukuna.”

Wannan ne darasin farko. Ƙofar motar zamani cike take da wayoyi, na gilashi, na makulli, na madubi, na sifika, kuma a wasu motocin har na'urar da ke jin bugu ta fasa jakar iska a cikin ƙofar take zaune. Ba a sa hannu sai an yanke wuta.

Sannan ya shimfiɗa tsumma a ƙasa ya jera kayansa. Abin da ya ba ni haushi, wanda na fi buƙata shi ne mafi arha a ciki: wasu faffaɗan sandunan roba masu bakin cokali, saitin duka bai kai fam 10 ba. Da su ake ɓamɓare murfi, don roba ba ta cin fenti. Akwai wani mai baki biyu kamar cokali mai yatsu, ana zura shi ya rungumi wuyan maƙali ta gefe biyu, sai a ɗan danna, ka ji ɗas, ya fito lafiya. Ni da wuƙa gefe ɗaya nake ja, shi ya sa suke karyewa. Kusar da na cinye kuwa ashe ba mai gicciye ba ce, mai tauraro ce mai tsini shida, irin da ake kira Torx, wadda motocin Turai suka cika da ita. Kawu yana da su jere, T20, T25, T30. Ya nuna min inda ake ɓoye irin waɗannan kusoshi, a bayan mabuɗin ƙofa da cikin mariƙin hannu, ƙarƙashin 'yan murafu da sai da tsinke mai ƙugiya ake ɗaga su. In ba ka kwance su ba, ko za ka kwana kana ja, murfin ba zai fito ba sai dai ya tsage.

“Miƙo min filaya,” in ji shi. Na tsaya ina kallonsa. “Sifana goma.” Nan ma shiru. Wallahi sai da ya nuna da yatsa na gane ashe kalmomin da na sani ne, bakin Kano ne ya gyara musu zama. Turancin nawa ne, Hausar tawa ce, amma da suka haɗu ban gane su ba. Ƙanwata da ke tsaye tana riƙe da shayi ta yi ta dariya, ita ma ba ganewa ta yi ba.

A ƙasan jakar akwai kayan da daga Kano ya zo da su: guduma biyu masu santsin fuska kamar madubi, da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ake tokarawa ta bayan bodi a riƙa bugu ta gaba, doli yake ce masa. Ƙotar gudumar ta yi baƙi saboda hannu. Ina ganinsu na ce shi ke nan, yau zan ga aikin Ƙofar Ruwa, zai buge lotsawar nan ta koma kamar ba a yi ba. Har na fara shirya labarin a raina, yadda zan zo nan in rubuta muku cewa mu a gida gyara muke yi, Bature kuwa sai dai ya jefar ya sayi sabo.

Kawu ya cire murfin, ya zare igiyar ƙarfen da ke haɗa mabuɗin ciki da makulli, ya ɗaga ledar da na yaga, ya haska tocila. Ya daɗe yana kallo. Sai ya kama hannuna ya zura ciki ya ce in shafa. Akwai wani ƙarfe a kwance daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, kuma ko ni na ji ya tanƙware.

Ya ce hanya uku ce. Ko a buge lotsawar a cike da fila a yi fenti. Ko a canja fatar ƙofar ta waje kawai, wato a goge bakin da aka naɗe da injin gurza, a huda ɗigon walda, a ɗaga tsohuwar fata, a shafa gam na musamman, a ɗora sabuwa, sannan a bi bakin da guduma da doli ana naɗewa kaɗan-kaɗan har a zagaye. Ya ce wannan aikin ya iya shi ido rufe, kuma daga yadda yake kwatantawa da hannu na san yana marmarinsa. Ko kuma a sauke ƙofar gaba ɗaya a ɗora wata.

Na ce, “Kawu, ta farkon ai ta fi arha.”

Ya ce, “Wa ke zama a kujerar nan?”

Na ce, “Auta.”

Ya ce, “To.”

Ƙarfen nan shi ke tare mota in an buge ta daga gefe. Irin ƙarfe ne mai tauri wanda in ya tanƙware sau ɗaya, ko ka miƙe shi ƙarfinsa ya tafi, in ka sa masa wuta kuma ka ƙara kashe shi. Wannan na karanta shi a aji, har na ci jarrabawa a kai, amma da hannuna a kansa bai zo min a rai ba. Kawu ya ce a zamanin Fijo 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, bodi yana da kauri, ka buge shi yau ka sake buge shi baɗi. Motar yanzu kuwa fatarta siririya ce, ƙarfin yana ɓoye a ciki. Ya ce ya ga motoci da yawa a gida da aka shafe da fila suka yi sumul, mai saye ya yi murna, ciki kuwa a murƙushe. “Na yi irinsa ina yaro,” in ji shi, “maigida ya ce a yi, na yi. Ba zan yi wa Yaya ba.” Ya mayar da gudumarsa cikin jaka.

Muka karanta lambar fentin motar a jikin takardar da ke liƙe a turken ƙofa, muka yi ta buga waya wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci, har muka samu ƙofa mai launi ɗaya a fam 90. A hanya Kawu yake ba ni labarin cewa a Najeriya wannan ƙofar ta hagu ita ce ta direba, tun da aka koma tuƙi ta dama a watan Afrilun 1972, shi ya sa murfin ƙofa da maɓallan motar Ingila ba sa zama daidai a motar gida. Muka wuce ta gefen Trafford Park, na ce masa a nan Ford ya buɗe masana'anta a 1911. Ya ce su ma a Birmingham suna da Longbridge, kuma yana garin lokacin da MG Rover ta durƙushe a 2005, ya ga ƙwararrun masu aikin ƙarfe suna neman aikin sito tare da shi. Su da takardunsu ma ke nan.

Ɗora ƙofar ya ci mu har la'asar. Kafin ya kwance komai sai da ya zagaye mazaunin hinjin da alƙalami, ya manna tef a gefen bodi don kada a kankare, ya sa jek da katako da tsumma a ƙarƙashin ƙofar. Ni ne mai riƙo, kuma jama'a, ƙofar mota tana da nauyi. Sau huɗu muna sassautawa muna ɗaurewa, yana bin tsagar da ke tsakanin ƙofa da bodi da ɗan yatsa, sama da ƙasa, har ta yi daidai. Ledar nan da na raina, ashe ita ke hana ruwan da ya bi gilashi shiga cikin mota, kuma a garin da ruwan sama ba ya hutawa wannan ba wasa ba ne. Ya sa ni na liƙe ta sabuwar ƙofar da kaina, ya sa na ɓare na sake don na bar ɗan wuri. Daga ƙarshe ya saka takarda a bakin ƙofa ya rufe, ya ja. Ta ƙi fitowa. Ya buɗe ya sake rufewa, ɗib. Ya ce, “Kirawo Yaya.”

Motar ta ci gwajinta. In rana ta fito sosai za ka ga ƙofar ta ɗan fi sauran jikin haske, amma Manchester ce, sau nawa ranar take fitowa? Fam 90 ɗin da kuɗin sababbin maƙalai bashi ne a kaina, ina biya daga aikin da nake yi ƙarshen mako.

Da daddare muna cin tuwo, Kawu ya tambaye ni a hankali, yadda Umma ba za ta ji ba, wai mutum mai shekarunsa zai iya samun takardar wannan aikin a nan? Ya ce ya taɓa zuwa gareji biyu neman aiki da ya zo, suka tambaye shi satifiket, bai sake komawa ba. Na duba masa. Akwai takardun IMI na gyaran jikin mota da kwalejoji ke bayarwa, mataki na 2 da na 3. Matsalar ita ce yana aikin rana kwana biyar, kuma rubutun Turanci yana ba shi tsoro fiye da kowace ƙofa. Na ce rubutun ni zan zauna da shi.

Saboda haka 'yan Birmingham, ga cigiya. Duk wanda ya san kwalejin da ke yin wannan karatu da yamma ko ran Asabar, ta wajen Aston ko Small Heath, don Allah ya turo min saƙo ta akwatin mujalla kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. Sandunan robar ya bar min su, gudumar ya koma da abarsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.