Kare Ya Kashe Tunkiya, Wa Zai Biya?

A duk lokacin da tumaki suka fara haihuwa a Birtaniya, wato daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sai hotuna masu tayar da hankali su cika Facebook da TikTok. Za ka ga manomi tsaye cikin ciyawa, ga tumakinsa a yashe, wasu an yaga musu wuya, wasu sun mutu a jikin shinge garin neman hanyar tsira. Mai ɓarnar kuma ba kura ba ce, ba dila ba ne. Karen gida ne, irin wanda ake saya wa sabulu na musamman, yake kwana kan kujerar falo.

Na san wani zai ce, "To mu ina ruwanmu da karnukan Turawa?" Ku ɗan dakata, 'yan uwa. A ƙarƙashin wannan rigima akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa biyan haraji: idan dabbar wani ta yi ɓarna aka rasa mai ita, wa zai ɗauki asarar?

Birtaniya tana da tumaki wajen miliyan 30, kuma doka ta ba jama'a damar bin wasu hanyoyin ƙafa da suka ratsa ta cikin gonakin mutane. Mutum zai fito shan iska da karensa ranar Lahadi, ya kwance masa igiya, kare ya hango garke ya ɗiba a guje. Ba sai ya yi cizo ba ma. Tunkiya mai tsohon ciki idan aka kora ta da gudu tana iya yin ɓari, ko gajiya da firgici su kashe ta. Jariran tumaki kan rabu da iyayensu su mutu da sanyi da yunwa. Kamfanin inshorar manoma na NFU Mutual ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai karnuka sun kashe ko sun raunata dabbobin da kuɗinsu ya kai kusan fam miliyan 2.4. Lamarin ya ƙara kamari ne bayan annobar korona, lokacin da mutane da yawa suka sayi 'yan kwikwiyo don ɗebe kewar zaman kulle, ba tare da sun koya musu ladabi ba.

Maganin da hukumomi suka fi karkata gare shi zuwa yanzu shi ne tara. Tsohuwar dokar kare dabbobin gona ta 1953 ta ƙayyade tarar da ba ta wuce fam 1,000 ba. Scotland ta riga kowa gyara tata a 2021, ta kai tarar har fam 40,000, ko ɗaurin da zai iya kai wata 12. A ƙarshen 2025 Ingila da Wales suka biyo sahu da sabuwar doka: an cire iyakar tara gaba ɗaya, an kuma ba 'yan sanda ikon kama karen da ake zargi da ɗaukar samfurin ƙwayar halitta don a haɗa shi da raunin da ke jikin dabba.

Wannan ci gaba ne, babu musu. Sai dai tara daban, diyya daban. Kuɗin tara asusun gwamnati suke shiga. Kuma ba a cin tarar wanda ba a kama ba. Hari da yawa da dare ake kai shi, ko lokacin da babu kowa a gona, wani lokacin ma kare ne ya sulale daga gida shi kaɗai, mai shi na can wurin aiki bai san wainar da ake toyawa ba. Gari ya waye manomi ya tarar da gawarwaki, babu kare, babu mai kare. Doka ta ce mai kare ne zai biya ɓarna, amma wa za ka kai ƙara? Ga wanda ba shi da inshora, shi ke nan, ya tafka asara.

A nan ne tsohuwar dabarar harajin kare take sake ɗago kai. Na ce tsohuwa domin ba yau aka fara ba. Birtaniya ta sanya wa karnuka haraji tun 1796, lokacin da take neman kuɗin yaƙi da Faransa. A Ireland an shigo da lasisin kare a 1865, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a riƙa gane masu karnukan da ke addabar tumaki. Amma inda aka fi ɗaure harajin da diyya kai tsaye shi ne Amurka, inda tun ƙarni na 19 masu kiwon tumaki suka yi ta matsa wa majalisun jihohi lamba a kan karnukan da ke gararamba.

Har yau tsarin yana aiki a wasu jihohin. Ɗauki Virginia. Kuɗin lasisin kare ana ajiye su ne a wani asusu na daban a ƙaramar hukuma. Daga ciki ake biyan jami'in kula da dabbobi, ake yaƙi da cutar haukan kare, ake kuma biyan manomin da kare ya kashe wa dabba. Akwai sharuɗɗa: sai ka sanar da jami'i cikin awa 72 da ganin ɓarnar, sai ka kawo hujja, kuma idan an san mai karen, sai ka fara bin haƙƙinka a wurinsa tukuna. Wato asusun na ranar da aka rasa wanda za a kama ne.

To me ya sa Birtaniya, mai tumaki da yawa haka, ba ta da irin wannan? Ta taɓa yin lasisi, amma ta bar shi ya zama abin dariya. An yanke kuɗinsa sule bakwai da sisi a 1878, aka bar shi a haka fiye da shekara ɗari. Da aka sauya tsarin kuɗi ya koma kwabo 37 da ɗoriya. Daga ƙarshe abin da ake kashewa wajen karɓar kuɗin ya fi abin da ake tarawa, ga shi kusan rabin masu karnuka ba sa ma biya. A ƙarshen shekarun 1980 aka soke shi a Ingila da Wales da Scotland. Ireland ta Arewa ce ta riƙe nata, fam 12.50 a shekara, ita kuma Jamhuriyar Ireland tana karɓar Yuro 20.

Masu adawa da dawo da harajin suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Na farko, mai gaskiya ne zai biya. Wanda ke sakin karensa sakaka, shi ne dai wanda ba zai je ya yi rajista ba. Na biyu, tsohuwar da ke zaune a bene na goma a tsakiyar Landan da ɗan ƙaramin karenta, wanda bai taɓa ganin tunkiya ba, don me za ta biya ɓarnar wani? Na uku, wanda ni ya fi damuna: ina kuɗin za su tafi? A Jamus ƙananan hukumomi sun tara kimanin Yuro miliyan 421 daga harajin kare a 2023, amma doka ba ta ɗaure kuɗin da wani aiki na musamman ba, cikin kasafin gari suke narkewa. Idan haka za a yi, manomi ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: da sunansa aka karɓa, wani ya ci moriya.

Mu nan ba baƙin wannan labari ba ne. Ku tambayi kakanninku zancen jangali, harajin da ake karɓa a kan kowane kan saniya tun kafin zuwan Turawa har bayan samun 'yancin kai. Babban kukan makiyaya shi ne suna biya ba sa gani a ƙasa, shi ya sa wasu ke ɓoye shanu a daji idan masu ƙirga sun taho. Harajin da mai biya bai ga amfaninsa ba, gudunsa ake yi, ko a Kano ko a Wales.

Duk da haka, ina ganin harajin kare yana da gurbi, idan aka cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a iya gane kowane kare. Wannan ya yi sauƙi yanzu, domin tun Afrilun 2016 dole ne a dasa wa duk kare a Ingila da Scotland da Wales wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa. Abin da ya gagari masu lasisin takarda a 1980, waya da intanet za su iya yi yau. Na biyu, doka ta killace kuɗin, a riƙa wallafa nawa aka tara, nawa aka biya manoma, kowa ya gani a wayarsa. Na uku, kada asusun ya zama mafakar masu sakaci. Idan an gano mai kare, a karɓo kuɗin daga aljihunsa a mayar, a kuma sassauta wa tsofaffi da makafin da kare ke yi wa jagora.

Ita kuwa tsohuwar Landan, amsarta ita ce: ajiye kare zaɓi ne, kuma zaɓin miliyoyin mutane ne ya haifar da haɗarin. Raba 'yan kuɗi kaɗan a kan masu karnuka duka ya fi adalci a kan a jibga asarar gaba ɗaya a kan mutum ɗaya da bai ajiye kare ba, bai kuma gayyaci na kowa gonarsa ba.

Sabuwar dokar Ingila za ta tsorata wasu su riƙe igiyar karnukansu, kuma hakan alheri ne. Amma ma'aunin da za mu riƙa dubawa shi ne manomin da ya wayi gari da matattun tumaki goma, babu shaida, babu wanda ake zargi. Muddin shi ne zai ci gaba da biyan kuɗin likitan dabbobi da na kwashe gawa daga aljihunsa, to da sauran aiki a gaban 'yan majalisa.