Karen Bana, Zomon Bana

Makonni uku ke nan ina ɗage wannan magana, don na san akwai masu karatun da za su ce, duk damuwar da ta dabaibaye ƙasar nan, marubuci bai ga abin tattaunawa ba sai kare. Ina neman afuwarsu, su yi mini haƙurin wannan mako. Abin da ya sa na kasa haɗiye maganar shi ne ɗan ƙanena, saurayi mai shekara 17 da ke ajin ƙarshe na sakandare, wanda ya kusa nakasa ɗan kwikwiyonsa saboda tsabar son da yake masa.

Yaron ya ga wani bidiyo a wayarsa: Baturiya tana gudu cikin fili, karenta yana tsallake shingaye, ya kutsa cikin wani dogon bututu, ya hau katako ya sauko, ya ratsa tsakanin sanduna yana lanƙwasa kamar maciji, duk cikin ƙasa da minti ɗaya. Washegari ya jera bulo da tsofaffin tayoyi a wani kango da ke bayan gidansu a Arkilla, ya ɗaura wa kwikwiyon igiya a wuya, ya shiga jan sa yana tilasta masa tsallake shingen da ya kai gwiwar babban mutum. Kwikwiyon, wanda ya raɗa wa suna Guguwa, watansa biyar a duniya. Bayan kwana shida ya fara ɗingishi da ƙafar gaba, kuma da ya hango igiya sai ya shige ƙarƙashin amalanke yana makyarkyata. Uban yaron, wanda tun farko ba ya son zaman karen, ya ce a kai shi bayan gari a yar. Nan aka kira ni sulhu.

Wasan da yaron ya gani yana da tarihi, kuma ba mai tsawo ba ne. A 1978 aka fara nuna shi a Landan, wurin babban bikin baje kolin karnuka da ake kira Crufts. An ɗora wa wani mutum mai suna John Varley nauyin samo abin da zai ɗebe wa 'yan kallo kewa tsakanin gasa da gasa, shi kuma ya nemi taimakon Peter Meanwell, gwanin horar da karnuka, suka kwaikwayi tsallen shinge na dawaki. Abin da aka shirya don cike gurbi sai ya zama gasa mai zaman kanta a ƙasashe da dama. Dokokinta sun fi tsallen ban sha'awa a wurina. Ba a sa wa kare igiya a fili, mai shi ba ya taɓa shi, ba ya riƙe abinci a hannu. Murya da nuni da motsin jiki su ne kaɗai linzami. Kare bai san tsarin filin ba sai an sake shi, don haka kowane taku yana sauraron mutum ɗaya ne cikin ihun dubban mutane. Kuma ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ba ta barin kare ya shiga gasar sai ya cika wata 18. Bidiyon bai gaya wa ɗan ƙanena wannan ba. Ya nuna masa daƙiƙa arba'in na ƙarshe, ya ɓoye shekara biyun da suka gabace su.

Dalilin wata 18 ɗin yana cikin ƙashi. Likitan dabbobin da ya duba Guguwa ya zana mana shi a bayan takarda. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na ɗan kwikwiyo akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo. Wurin yana da taushi, bai kai ƙarfin jijiyoyin da ke kewaye da shi ba, kuma ba ya rufewa ya zama ƙashi sai kare ya kai kimanin shekara ɗaya, manyan karnuka ma har zuwa shekara ɗaya da rabi. Duk dirar da kwikwiyo ya yi daga sama, ƙafafun gaba ne ke karɓar nauyin. In faifan ya tsage ko ya murƙushe, ƙafar tana iya daina tsawo ko ta girma a karkace, kuma wannan ba ya gyaruwa da man zafi. Guguwa ya yi sa'a, targaɗe ne kawai. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma duk wanda ya taɓa dasa darbejiya ya san akwai ɗanyen da in ka matsa masa karyewa yake yi.

Wata tambaya da likitan ya yi ta fi targaɗen tayar mini da hankali: an yi masa allurar haukan kare? Ba a yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kimanin kashi 40 cikin 100. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Allurar ana yi wa kwikwiyo ita tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa. Muna da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nan cikin garinmu, ga kuma asibitin dabbobi na jiha. Wanda zai tara yaran unguwa su kalli karensa yana wasa, bai yi masa wannan allura ba, ya ɗauki alhakin da ya fi ƙarfinsa.

Da ƙafar ta warke sai na ɗauki yaron da karen zuwa wurin wani dattijo a wajen Dundaye, tsohon mafarauci da na sani tun ina yaro, wanda ya yi kiwon karnukan farauta fiye da shekarun yaron sau uku. Bai taɓa jin labarin Crufts ba. Ya kalli bidiyon har ƙarshe, bai ce uffan ba, sannan ya miƙa wayar ya ce, "Ɗana, sake shi." Yaron ya kwance igiya, Guguwa ya ruga wajen kaji. Dattijon ya ce, "To, kira shi mu gani." Yaron ya yi kira har muryarsa ta dushe, kare ko waiwaye. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Karen da ba ya jin kira ba naka na ba, na daji na. Wanga tsalle da kake so, kowane kare ya iya shi tun cikin uwatai. Komowa ita aka koya mai."

A kan hanyarmu ta dawowa na tuna karatun zaure. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo wa mai ita, in ya ambaci sunan Allah. Da malaman fiƙihu suka zo bayyana mene ne horo, ba su ambaci gudu ko tsalle ko ƙarfin haƙori ba. Alamar da suka bayar ita ce, in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Abin da alƙalin gasa a Ingila ke aunawa da agogo ke nan, abin da tsohon Dundaye ya auna da kaji ke nan. Na faɗi wannan ne kuma saboda masu ganin duk wata hulɗa da kare baƙuwar al'ada ce. Hadisi ya yi rangwamen ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona, kuma an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da muke karantawa, ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsoro ya yawaita, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Iyakokin wannan rangwame na malamai ne, su za a tambaya. Guguwa dai gadin garken awakin gidan yake yi, a can yake kwana, ba ya shiga ɗaki.

Yanzu watanni biyu ke nan da aka sake lale, kuma har yau karen bai tsallake abin da ya fi tafin hannu tudu ba. Makonni biyun farko sun tafi a kan sunansa kawai. Yaron yakan durƙusa, ya kira sau ɗaya, in kare ya zo ya ba shi ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli ko busasshen nama marar yaji, ya shafa shi, ya sake shi ya koma wasansa. Sakin nan yana da muhimmanci: in kowane kira ƙarshensa ɗauri ne, kare zai gane da wuri cewa zuwa asara ce. Haka nan ba a kiransa don a doke shi, ko da ya yi ɓarna. Ladan kuma sai a cikin daƙiƙar da ya yi daidai, don kare ba ya haɗa abin da ya aikata ɗazu da abin da aka ba shi yanzu. Wani abu da ya kamata mu 'yan ƙasar albasa mu sani: albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, suna lalata masa jajayen ƙwayoyin jini, don haka ragowar miya da kilishi ba abin lada ba ne.

Daga kira aka koma zama da jira. Sannan aka shimfiɗa karan dawa a ƙasa, yana takawa yana ƙetarawa a hankali, don ya san inda ƙafafunsa na baya suke, abin da 'yan kwikwiyo ba su damu da shi ba. Aka kwantar da falanki a kan yashi yana bi ta kai har ƙarshe ya tsaya. Aka fasa gindin tsohuwar gangar roba ta zama bututu, yaron yana leƙowa ta ɗaya bakin yana kiransa. Kwana huɗu yana shinshina bakin gangar kafin ya yarda ya shiga, kuma ba wanda ya tura shi. Yanzu yana kewaya bokiti ta dama ko ta hagu da nunin hannu kawai. Sandunan lanƙwasa guda 12 da ake gani a gasa, da tsalle na sosai, an ajiye su sai bayan ya shekara, likita ya sake dubawa. In lokacin ya yi ma, karan dawa za a ɗora a kan gwangwani, abin da zai faɗi in ƙafa ta taɓa shi. Bulo ba ya yafiya.

Kowane zama minti biyar ne, bayan sallar asuba da kuma dab da magariba. Littattafan Turawa an rubuta su ne don ƙasar da ciyawa ke kore duk shekara. A Sakkwato, watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamarmu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma karen da ke son mai shi zai yi ta gudu har ya faɗi. In ba za ka iya ajiye bayan hannunka a kan ƙasa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Sai a share tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe, a ajiye ruwa a inuwa, a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska.

Akwai wanda ya ce mini wannan wahala ba ta dace da karen gida ba, sai irin na ƙasashen waje da ake saye da tsada. Ban yarda ba. Siririn karen nan namu mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji an halicce shi ne don gudu a wannan yanayi. Arewa da mu, bayan Ƙonni da Tawa, akwai karen Azawak na Buzaye, wanda aka kwasa zuwa Turai a farkon shekarun 1970, yau ana baje kolinsa a can da takardun asali, mu kuwa 'yan uwansa muke jifa da dutse a bakin kwata. Abin da karenmu ya rasa shi ne wanda zai zauna da shi minti biyar kullum ba tare da sanda ba.

Ba na cewa duk hanyoyin mafarautanmu abin koyi ne. Yanke kunne da horon yunwa da ɗaurin sarƙa yini guda, tsohon Dundaye kansa ya ce na masu gaggawa ne. Amma iliminsu na gaskiya yana tafiya tare da su, domin farautar kanta tana ƙarewa. Gari ya cinye gonakin da ake korar zomo a cikinsu, dazuzzukan gabas kuwa, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga sun hana manomi ma shiga, balle mai neman gada. Samari ba su daina son karnuka ba. Suna nan da su a lunguna, karnuka masu jinin gudu da ba su da abin kora, a hannun yaran da ba wanda ya koya musu komai. Irin wannan kare ne ke cizon ɗan maƙwabci, irin wannan yaro ne ke koyon cuna shi ga mutane don a ji tsoronsa. In karen bana shi ke maganin zomon bana, to zomon bana ya zama ganga da karan dawa a kangon Arkilla, kuma ban ga aibin hakan ba.

Jiya da yamma na biya ta gidan. Wata akuya ta ɓalle daga garke, Guguwa ya zabura zai bi ta. Yaron ya kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Karen ya ja birki har ƙura ta tashi, ya juyo. Ƙanena yana zaune kan tabarma yana jan carbi, ya kalle su, sannan ya tambaye ni ranar da likita ya ce a mayar da shi allura ta gaba.